Taimakon Hukuma ga Masu Sana'a: Kyauta ce ko Hakki?

 

'Yan'uwa, maganarmu ta wannan mako a kan wani abu ce da kowa ya sha gani. Za a kafa rumfuna a filin makarantar firamare, a jera kujeru, a kira makaɗa da maroƙa, sa'an nan shugaban ƙaramar hukuma ya iso ya raba wa mutanen unguwa kekunan ɗinki da injinan niƙa da 'yan kuɗin jari. A ɗauki hoto, a yi tafi, a watse. Abin tambaya shi ne, wannan abu da aka miƙa wa mutane, kyauta ce da shugaba ya yi don kirkinsa, ko kuwa hakkinsu ne da aka daɗe ana riƙe musu? Kada mai karatu ya ɗauka wasa da kalmomi muke yi. Mai kyauta yana da ikon ya zaɓi wanda zai ba, ya hana wanda ya ga dama, ya kuma jira godiya. Wanda ke biyan hakki kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun nan.

Tun farko dai ba mu ce taro banza ne ba. Wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san abin da hawan salla ke jawo wa masu sana'a. Tun azumi bai raba tsakiya ba maɗinka sun daina barci, dukawa suna gyaran sirdi da linzami, maƙera suna kan likkafa, marina suna fama da shuni, mabuga suna buga riguna. Ranar Hawan Daushe da Hawan Nassarawa kuwa, har mai sayar da harawa da yarinya mai tallan ƙosai suna komawa gida da abin kansu. Ba mu san nauyin wannan ba sai da muka rasa shi: a 2020 annoba ta hana hawa, a 2024 da 2025 kuma an samu sallolin da jami'an tsaro suka hana shi saboda rikicin sarauta. Masu dawaki sun rasa ado ne kawai, amma baduku da mai ciyawa cinikin da suke jira duk shekara suka rasa. A cikin watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya, abin alfahari ne, sai dai takardar yabo ba ta sa tukunya a wuta.

To, ashe akwai taron da ke kawo ciniki, akwai kuma wanda ke kawo hoto kawai. Yaya za a rarrabe su?

Abu Dawuda ya ruwaito labarin wani mutumin Madina da ya zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana roƙo. Bai ba shi sadaka ba, bai kuma kore shi ba. Sai ya tambaye shi abin da yake da shi a gida, ya ce ba kome sai wani mayafi da suke shimfiɗa rabi su rufa da rabi, da ƙoƙon shan ruwa. Ya sa aka kawo su, ya yi gwanjonsu a cikin sahabbai har aka saya dirhami 2. Ya umurce shi ya saya wa iyalinsa abinci da ɗaya, ya sayo ruwan gatari da ɗayan. Da ya kawo, Annabi da hannunsa mai albarka ya sa masa ƙota, ya ce ya tafi ya yi itace ya sayar, kada ya gan shi sai bayan kwana 15. Da ya komo, yana da dirhami 10.

Ku dubi labarin nan da kyau. An fara ne da tambayar mutum abin da yake da shi, ba a zauna a ofis an yanke masa sana'a ba. Jama'ar da ke zaune su suka sayi kayansa, watau taron nan kasuwa ya zama masa. An raba abincin yau da jarin gobe, domin mai yunwa jarinsa zai ci. Shugaba bai miƙa ƙarfe ya juya baya ba, sai da ya ga gatari ya zama abin aiki. Abin da ya fi kama hankalina kuwa shi ne wa'adin kwana 15 ɗin nan. An yanka ranar da za a sake duba shi. Wane shugaban ƙaramar hukuma ne ya taɓa komawa unguwa bayan mako biyu ya tambayi inda kekunan da ya raba suke?

Na taɓa halartar irin wannan rabo a wata ƙaramar hukuma, ba sai na faɗi sunanta ba. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda ta shekara da shekaru tana ƙuli-ƙuli, injin markaɗe kawai take bukata, sunanta bai fito ba don ba ta san kansila ba. Wani saurayi da bai taɓa zura zare a allura ba shi ya sami keke. Kafin la'asar ya kai shi kasuwa ya karyar. Ban zarge shi sosai ba. An ba shi abin da bai roƙa ba, ya mai da shi abin da yake bukata. Wanda ya rubuta sunayen shi ne abin zargi, gama ya ɗauki dukiyar jama'a ya saka wa magoya bayansa da ita.

Magabatanmu ba su ɗauki raya sana'a a kan alfarma ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, a ciki ya lissafa kula da masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, tare da gyaran kasuwanni da hanyoyi, a cikin abubuwan da suka hau kan shugaba. Tun kafin wannan, Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi. Yau fiye da shekara 500 ana ci daga gare ta. Babu wanda ya san irin shagalin da aka yi ranar buɗe ta, in ma an yi.

Dokar ƙasa ma haka ta ce. Tun gyaran 1976 da ya kawar da tsarin En'e ya kawo ƙananan hukumomi, waɗanda yanzu suka kai 774 a Nijeriya, 44 daga ciki a Jihar Kano, aikinsu a bayyane yake. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora musu kafa kasuwanni da kula da su, da mayanka, da tashoshin mota, da makewayin jama'a, da tituna na cikin gari, da magudanan ruwa, da kwashe shara. Waɗannan su ne ƙotar gatari. Ba a kiɗa ranar yashe lambatu, amma mai shagon da ruwa ke shigar masa duk damina ya san ya fi masa keken ɗinki goma. Shugabanni sun daɗe suna cewa kuɗinsu na maƙale a hannun gwamnoni, kuma akwai gaskiya a ciki, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye. Amma kuɗin rumfa da na tebur da na shiga kasuwa, waɗanda ake karɓa kullum daga hannun mai tumatir da mai gawayi, ai ba su taɓa zuwa Abuja ba. An ruwaito cewa Annabi da ya yanka wa Musulmi filin kasuwa a Madina ya hana a sa mata haraji. Ko da mun ce larurar zamani ta sa a karɓa don a yi aiki, to, sai a ga aikin. Ka karɓi kuɗin mace shekara guda ba ka gyara mata inda take kasa kaya ba, sa'an nan ka ba ta ɗan abu a gaban jama'a ka ce ta yi maka guɗa, wannan an ƙwace da dama ne an miƙa da hagu.

Wani zai ce, Malam, in hakki ne, ke nan ba a gode wa shugaba? Ana gode masa, yadda ake gode wa wanda aka ba ajiya ya dawo da ita cif. Godiyar da muke ƙi ita ce wadda ke sa mutum ya durƙusa kafin a ba shi nasa, ko ya ji tsoron tambaya don kada a cire sunansa a rabo na gaba.

Mu ma mutanen unguwa da namu laifin. Muna iya haɗa kuɗi a yi ƙasaitaccen Mauludi ko walimar saukar karatu, amma sai a sayo shinkafa da lemo daga can nesa, a tsallake mai shagon ƙofar gida wanda muke bin layinsa da bashi ran da babu. Gayyar da iyayenmu ke yi su yashe kwata kafin ruwan farko, mun bar wa hukuma. In za a yi rabo a unguwarku, abin da ya kamata shi ne mai unguwa da liman da shugabannin masu sana'a su zauna tun da wuri su rubuta wanda ya iya me, da abin da ya rasa, a karanta sunayen a ƙofar masallaci kowa ya ji, a kuma sa ranar da za a koma gida-gida a duba ko keken na nan yana ɗinki.