Ɗan da Ya Riga Ubansa Tafiya

Ranar 7 ga Nuwamba 2021 wani ramin haƙar zinariya ya rufta a Garin Liman, yankin Ɗan Isa, kudu da Maraɗi. Aƙalla mutum 18 suka rasu. Haƙar rami aikin majiya ƙarfi ne, kuma majiyin ƙarfi idan ya faɗi, tsofaffi da yara yake bari a baya.

Kowane uba yana sa ran ɗansa ne zai shiga kabari ya karɓe shi. Hadisi ma ya lissafa ɗa nagari mai yi wa mahaifi addu'a cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa. Sai ga lamarin ya juye: tsoho ne zaune kan tabarma a ƙofar gida, abokan ɗansa suna durƙusawa ɗaya bayan ɗaya. "Baba, ya haƙuri?" Ya ce, "Da godiya." A cikin gida kuma uwa ce, wadda kunyar ɗan fari ta hana ta kiran sunansa tun yana goye. Yau ma ba za ta kira ba, sai dai ta ce "uban yaran nan".

Addini bai hana su hawaye ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga rasuwar 'ya'yansa shida cikin bakwai, uku daga ciki matan aure ne: Zainab, Ruƙayya da Ummu Kulsum. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi.

Kan yadda za a tuna da mamaci kuwa, Maraɗi ta daɗe tana muhawara. Tun da Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta samu gindin zama a birnin, ake ja-in-ja kan sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Wasu suka ce bidi'a ce mai cinye kuɗin marayu, wasu suka ce taron addu'a ne da zumunci. Kabari kansa ba ya riƙe suna, reshen itace ko fasasshen tulu ake kafawa, damina biyu ta shafe. A Tsibirin Gobir maroƙa suna riƙe da sunan Bawa Jan Gwarzo da na Mayaƙi, wanda ya kafa garin bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ɗan talaka ba shi da maroƙi, sai dai ƙanensa ya yi masa takwara in an yi haihuwa.

Akwai wata magana da ba a cika tayarwa a zaman makoki ba, alhali ta fi tuwon arba'in nauyi. Idan mamaci ya bar 'ya'ya, uwa da uba kowa yana da sudusi a dukiyarsa. Amma ranar da tsohon ya cika, fiƙihun Malikiyya bai ba waɗannan jikoki gado ba muddin akwai ɗansa namiji a raye. Baffa yana katange su.

A ɗauki magidancin Jiratawa da ya girma cikin gandun ubansa. Shi ke ban ruwa a lambun zogale, shi ke kai kaya kasuwar Maraɗi, amma ko taki ɗaya na gonar ba da sunansa yake ba, domin gandu na uba ne. Ya rasu, matarsa ta gama takabar wata huɗu da kwana goma ta koma gidansu. Bayan shekaru tsoho ya bi shi, aka raba gona tsakanin masu rai. Yaran da gumin ubansu ya raya ƙasar dominsu suka tashi hannu rabbana, a yankin da ƙasar noma ke ƙara ƙaranci kullum.

Masar ta ga wannan giɓi, a 1946 ta yi dokar wasiyya ta tilas ga irin waɗannan jikoki, ƙasashe kamar Tunisiya da Maroko suka bi sahu. Amma kakan Maraɗi ba sai ya jira doka ba, shari'a ta riga ta buɗe masa ƙofa biyu. Yana iya yi musu kyautar gona yana da rai da lafiya, a damƙa ta a hannunsu ko hannun waliyyinsu, domin a Malikiyya kyauta ba ta cika sai an karɓe ta. Yana kuma iya yin wasiyya har zuwa sulusin dukiyarsa, tunda jikan da aka katange ba magaji ba ne.

Saboda haka duk tsohon da ya binne ɗansa, bayan addu'a da biyan bashin da ake bin marigayin, ya kira liman da mai gari da sauran 'ya'yansa, a shata wa marayun rabonsu a gaban shaidu, a rubuta. Malamai kuma su riƙa faɗar wannan hukunci a wurin ta'aziyya, tun kakan yana iya sa hannu.