HOTON ZANE: AMANA CE KO YAUDARA?

Mai karatu, akwai wata sana'a da ta bunƙasa a Turai da Amurka, yau a kanta nake son mu yi magana. Mai zane zai yi zanensa guda ɗaya tak, babu mutum a ciki babu dabba, launuka ne kawai da layuka, ya ce wannan motsin iska ne a cikin ciyawa, wancan kuma sautin kiɗa ne. Sai a ɗauki hotonsa da na'ura, a buga shi a takardar auduga da tawadar da ba ta saurin koɗewa. A buga kamar guda hamsin, ya sa hannu a kowanne ya rubuta lamba, 1/50, 2/50, har ƙarshe. Mai saye ya kai falonsa ya rataye, da nufin jikoki su gada. To tambayata ita ce, wannan abin da ya rataye amana aka riƙe masa, ko yaudararsa aka yi cikin ladabi?

Kada wata ta ce ai zancen Turawa ne, ina ruwanmu a Aujara. Irin wannan zane mun daɗe da shi. Ki dubi dagi da sauran adon bangon fadar Sarkin Dutse, ki dubi zanen ƙwarya da na lallen amare. A aikin babbar riga ma akwai aska takwas, akwai kuma wani zagayayyen ado da ake kira tambari, sunan gangar sarakuna. Malamanmu sun yi ta jan kunne kan zana abu mai rai, masu hikima kuwa suka zuba basirarsu a nan.

Wani mai zane ɗan Rasha, Wassily Kandinsky, wanda ya rasu a 1944, ya ce in ya ji kiɗa launuka yake gani. Daga 1910 zuwa 1939 ya yi manyan zanuka guda 10 da ya ba su suna irin na tsarin kiɗa. Ukun farko sun halaka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya rage daga gare su hotuna ne na baƙi da fari. Allah Sarki! Mutumin da launi ne muryarsa, ga shi an bar mana shi babu launi. Duk da haka ba don hotunan nan ba, da sai dai labari. A nan kam ba ni da bakin zargin mai ɗaukar hoto, amana ya riƙe gwargwadon ikonsa.

Sai dai ni marubuciya ce, kuma na san zafin kwafi. Da kuɗin adashi nake buga littafi, kafin in mai da uwar kuɗi wani ya ɗauke shi shafi-shafi ya watsa a waya, har a cire sunana. Wannan ma zai ce adana shi ya yi. Don haka da na ji an ce kwafi, tambayoyi biyu nake fara yi: mai abin ya yarda? Kuma an gaya wa mai saye gaskiya cewa kwafi ne? In an cika biyun nan babu yaudara a ciniki. Amma maganar ba ta ƙare ba, domin littafi daban zane daban. Kowane kwafin littafina shi ne littafin. Zane kuwa yana da kaurin fenti, da wurin da hannu ya yi rawa, da girman bangon da aka yi shi a kai, takarda ba ta ɗaukar waɗannan.

Mu je Birnin Kudu, nan cikin jiharmu ta Jigawa. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu akwai zanukan mutanen da, galibi na shanu. A wajajen kuma akwai duwatsun da in an buge su da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar ƙarfe. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kan waɗannan duwatsu masu amo a shekarun 1950. Zane da kiɗa da dutse duk a wuri ɗaya. Daga 2013 babban gidan tarihi na Landan ya shiga aikin sa dubban hotunan zanen duwatsun Afirka a intanet, har da na Nijeriya. Aiki ne mai kyau, ban musa ba. Amma ki kara kunnenki a jikin hoto ki ji in zai yi amo. Abin da ya fi damuna ma, ɗalibi a Ingila yana iya sanin waɗannan duwatsu ta kwamfuta, 'ya'yanmu kuma su gama sakandare ba a taɓa kai su ba, alhali tafiyar yini ɗaya ce a je a dawo.

Faransawa sun yi wata dabara. Kogon Lascaux da aka gano a 1940, numfashin masu ziyara ya fara ɓata zanensa, sai suka rufe shi a 1963. A 1983 suka buɗe kwafinsa a kusa da shi, baƙi su shiga can, na asali ya huta. Kwafin nan mai gadi ne.

Mu namu tsoron daban ne. Soron ƙasa mai zane zai tsage da damina, maimakon a nemo magini ya yi yaɓe ya sabunta adon, sai a rushe a sa bulo da siminti, a ce ai an ɗauki hotonsa. Hoton ya zama uzurin rushewa ke nan. Maginin da ya iya aikin kuma ya rasa mai kiransa, ɗansa ya kama acaɓa. Ni dai da za a ji ta tawa, duk hoton zanen da za a buga a sayar, a rubuta a bayansa sunan wanda ya yi shi, ko da tsohuwa ce mai zanen ƙwarya, da garinsu, da kuma ko na asalin yana nan tsaye ko ya faɗi.