Kuɗin Tsohuwa Amana Ne

Yau nasiharmu a kan iyayenmu ne da kakanninmu da ɗan abin da suka ƙulle a bakin zane.

Daga Yelwan Yauri zuwa Wara da Shanga, akwai tsofaffi da yawa da aka taso daga gungu da bakin Kwara lokacin da aka kammala dam ɗin Kainji a 1968. Wata har yau a ƙasan kwalla tana da anini mai huji, da kuma sulallan da aka daina ci da su bayan zuwan naira a 1973. Wata ma tana da kuɗin azurfa mai ɗauke da shekarar 1780, gadon uwarta. Sai dillali ya yi sallama, ya ce ai wannan ƙarfe ne kawai, ya miƙa mata kuɗin goro ya tafi da shi. Haka kuma a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, an karɓi tsofaffin takardu a hannun masu rauni an ba su ƙasa da abin da suka bayar, alhali daga baya Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓarsu.

Kada wani ya ce ai da yardarta ta sayar. Manzon Allah (SAW) ya hana tare fatake a hanya kafin su san farashin kasuwa, ya kuma ba mai kaya zaɓin warware cinikin idan ya iso kasuwa. To ina ga tsohuwar da ido ya yi rauni, kasuwar ma ba ta zuwa? Shi kuma canjin naira da naira a kan ragi, malamai sun ce riba ce.

Don haka, 'yar uwa, kada ki bari a yi ciniki da Inna ko Kaka ita kaɗai a ɗaki. A kai azurfar wurin maƙeri amintacce ya auna, a tambayi farashi wuri biyu ko uku, a sa shaidu. In an riga an cuce ta, ku raka ta wurin mai unguwa ko kotun shari'a, kada kunya ta hana. Mu 'ya'ya da jikoki kuma mu ji tsoron Allah: ɗauka a ɓoye daga kwallar Kaka sata ce, ko da ita ta haifi ubanki.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.