Ɗana, Ka Bar Wa Kwara Irinta

Ɗana, ko a Yelwa kake, ko a Wara, ko a wata tunga ta ƙasar Shanga, matso kusa mu yi magana a kan ruwan da ke ciyar da gidanku. Na san ka fi ni iya tuƙa kwale-kwale, ba zan yi gasa da kai a nan ba. Amma akwai abin da shekaru ke nuna wa mutum wanda ƙarfin damtse ba ya nunawa.

Tafkin nan da ka buɗe ido ka gani yaro ne, a garinku ma akwai tsofaffin da suka girme shi. A 1964 aka fara aikin madatsar Kainji, aka gama a 1968, ruwa ya taru ya shimfiɗu fiye da kilomita 130 har ya iso ƙasar Yauri. Ya haɗiye tsohuwar Bussa, ya haɗiye yawancin tsibirin Foge da gungaye masu yawa, aka tashi mutum kimanin 44,000 aka mai da su sababbin matsugunai. Gungawa da suka yi suna wajen noman albasa a tsibirai suka wayi gari a tudu. Sarkawa da suka san kowane dutse da kowane gurbi na kogin Kwara suka tarar da wani ruwa daban, mai faɗi, mai igiya, ga kututturan itatuwa a tsaye a ƙarƙashinsa. Kakanninka sun biya kuɗin wutar lantarkin ƙasar nan da gonakinsu da kaburburan iyayensu, kuma har yau ƙauyuka da dama na bakin tafkin da tocila suke kwana. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, ka riƙe shi, ka nemi haƙƙinka a inda ya dace. Yau dai ba don shi na kira ka ba. Na kira ka ne a kan ɓarnar da hannunmu ke yi.

Da tafkin ya cika, kifi ya yi albarka irin wadda ba a taɓa gani ba, domin ciyayi da ganyen da ruwa ya rufe sun ruɓe sun zama abincinsa. A 1971 abin da aka kama ya haura tan 28,000. Mutane suka ɗauka haka abin zai ɗore. Kafin shekarun 1970 su ƙare, kamun ya faɗi warwas. Tun daga lokacin ya kamata mu gane cewa ruwa ma yana da iyakar abin da zai iya bayarwa, amma masunta sai ƙaruwa suke yi, idon raga kuma sai ƙara tsukewa yake.

Ka san ragar dala, ba sai na kwatanta maka ita ba. Amma ina so wata safiya, idan an jawo ta gaɓa, ka ajiye lissafin kuɗi ka tsuguna ka sa hannu cikin abin da ta kwaso. Za a ce maka warangi ne, kuma lalle akwai warangi, shi kam haka Allah Ya halicce shi, ba ya wuce ɗan yatsa. To ka tona da kyau. Za ka ga 'ya'yan karfasa masu faɗin farce, ka ga ɗan faliya, ka ga ɗan giwan ruwa da bakinsa a buɗe, yana ƙyalli a kan yashi. Wannan ɗan giwan ruwan, da an bar shi, kifi ne da kan kai nauyin ƙaton namiji, wanda shi kaɗai zai iya biyan kuɗin makarantar yaro. Ga shi an shanya shi a rana, an auna shi a mudu, wani ma abincin kaji za a yi da shi. Manomin da ya dafa irinsa a bazara ya cinye, me zai shuka idan ruwa ya sauka? Haka mai jan dala yake, sai dai shi ba irinsa kaɗai ya cinye ba, har da na maƙwabta.

Kuma kada ka raina warangin kansa. Shi ne abincin giwan ruwa da tsage da sauran manyan kifaye. Idan aka share shi, manyan ma yunwa za ta kore su.

An taɓa hana wannan raga. A shekarun 1990 an yi wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus a kan kamun kifin Kainji, tare da cibiyar binciken kifi ta NIFFR da ke Sabuwar Bussa, aka zauna da sarakuna da sarakunan ruwa, jihohin Kebbi da Neja suka yi dokoki, har aka kai ga haramta dala a 1999. Abin ya kama a lokacin ne don an bi ta hannun masu faɗa a ji na bakin ruwa, an sa masunta cikin shawara. Da aikin ya ƙare, idon da ke sa ido ya ragu, dala ta sake leƙowa. Ga dumba da ake tare bakin rafi da ita, kifin da ya shiga yin ƙwai ba ya fita. Ga masu zuba gubar Gamalin a ruwa su kwashe gawar kifi su kai kasuwa, wanda wallahi ban san da wane suna zan kira wannan ba in ba kisan kai a ɓoye ba. Har gidan sauron da aka raba don kare jarirai daga zazzaɓi, wasu sun ɗinke shi sun mai da shi koma.

Na san abin da za ka ce: "Baba, in ni na bari, wani zai kama." Gaskiyarka ne, kuma shi ya sa wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ba na kuma ɗora laifin duka a kan talakan masunci. Sau da yawa ragar ba tasa ba ce, injin ma ba nasa ba ne, na dillali ne da ya ba shi bashi, shi kuma dillali ba ruwansa da girman kifi muddin buhu ya cika. Hukuma ma in dai karɓar kuɗin lasisi kawai ta sani, to tana da nata kason. Amma dillali ba ya shiga ruwa, kai ne ke shiga. Idan 'yan tunga ɗaya suka haɗa baki suka ce ragar da yatsu uku ba sa shiga idonta ba za ta jiƙe a gaɓarsu ba, sarkin ruwa ya tsaya a kai, hakimi ya mara masa baya, babu baƙon da zai zo ya karya musu.

Iyayenka sun san kogin nan da cika biyu. Akwai farin ruwa, mai laka, da ke zuwa da damina daga ruwan saman ƙasashenmu na kusa. Akwai baƙin ruwa, garai-garai, da ke isowa cikin sanyin hunturu, bayan ya taso daga duwatsun Gini ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali. Lokacin da farin ruwa ya hau ciyawa, lokacin ne yawancin kifi ke shiga burugu ya yi ƙwai, 'ya'yansa su ɓuya a ciki. Burugun nan da kake gani kamar ciyawar banza, shi ne ɗakin haihuwar kifi, shi ne harawar shanun Fulani da rani, shi ne kuma kiwon dorina. Yanzu mun bi ruwa da garma har bakinsa. Duk inda ya janye, shinkafa ko albasa ta maye wurin, ba a bar ko zira'i ba. Noman rani alheri ne, ya rufa wa gidaje da yawa asiri, ba na hana ka. Ka dai bar wa gaɓa ɗan gashinta.

Dorina ma ai ba don ƙeta take shiga gonar shinkafa ba. Da dare take fitowa kiwo, ta tarar inda take ci ya zama gona. A 2024 wata dorina ta kashe masunci a Yauri, daga baya aka farauce ta aka kashe. Ran ɗan Adam ya fi nata, babu mai gardama. Sai dai ka tambayi kanka me ya sa karo da ita ya yawaita. Bikin Rigata da muke alfahari da shi yana tuna mana cewa tun kaka da kakanni mutanen nan da dorina a ruwa ɗaya suke, kowa ya san iyakarsa. Ayu kuwa, tambayi sa'anninka su nawa suka taɓa ganinsa da ido.

Sai maganar jirgi, wadda ba na son tunawa. A watan Mayun 2021 jirgin da ya taso daga ɓangaren jihar Neja ya nutse kusa da Wara, ɗauke da mutum fiye da 150, ga kaya a kai. Kaɗan ne suka fita da rai, cikin waɗanda suka rasu akwai mata da yara. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Mun yi imani da ƙaddara, amma wanda ya loda wa tsohon katako abin da ya fi ƙarfinsa ba zai fake da ita ba. Hukumar raya yankunan madatsun lantarki, HYPPADEC, ta raba rigunan ruwa. In ka samu ka sa, ka sa wa matarka da ɗanka, kada ka mai da ita matashin kai. Kada ka tashi jirgi da dare ko hadari na haɗuwa, komai yawan kuɗin fasinja.

In kuwa haƙar zinariya ta ja ka, kamar yadda ta ja samari da yawa a Yauri da Ngaski, to kada ka daka dutse a tsakar gida, kada ka wanke ƙasarsa inda ake ɗiban ruwan sha. Gubar dalma da ke cikin irin wannan dutse ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, kuma iyayensu ma neman halali suka fita.

Ɗana, wannan makon ka je wurin sarkin ruwan garinku, ka ɗauki abokanka biyu ko uku. Ku roƙe shi ya tara mutane kafin farin ruwa ya iso, a ware wurin da ba za a jefa raga ba sai kifi ya gama ƙwai, a kuma faɗi tarar wanda ya saɓa, ko da ɗan sarkin ruwan ne. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka a ruwa da tudu.