Shin Tagulla Tana Iya Riƙe Sunan Mutum?

A cikin wani coci a garin Römhild, a jihar Thuringia ta ƙasar Jamus, akwai kabarin tagulla da aka ƙera a maƙerar Peter Vischer ta birnin Nuremberg wajen shekarar 1510. A bisa murfinsa an fitar da siffar mutum biyu: basarake Hermann na takwas na gidan Henneberg, sanye da sulke, da matarsa Elisabeth, 'yar gidan sarautar Brandenburg. Ita ta rasu a 1507, shi kuwa sai a 1535. Ke nan ya shafe fiye da shekara ashirin yana ganin siffarsa a jerin matattu alhali yana raye.

To, me za mu kira wannan aiki, ƙauna ko alfahari? Mai cewa ƙauna yana da hujja, domin mijin ya zaɓi a haɗa shi da matarsa tun kafin ajalinsa ya zo, kuma duk ranar da ya dubi murfin sai ya tuna makomarsa. Mai cewa alfahari shi ma bai yi ƙarya ba. An kewaye kabarin da tamburan gidajen kakanni, don kowa ya san asalin masu shi. Talakan da ya yi musu noma kuwa, an binne shi ba wanda ya rubuta sunansa.

A ganina, abin da ya biyo baya shi ya raba gardama. Ɗansa Berthold, saboda nauyin bashi, ya sayar da Römhild a 1548. A 1549 reshen gidan ya yanke, a 1583 kuma zuriyar Henneberg ta maza ta ƙare baki ɗaya. Tamburan da aka jera don kare martabar gida ba su hana ta gushewa ba. Yau mafi yawan masu ziyara gwanintar maƙeri suke zuwa kallo, sunan Vischer kuma ya fi na Hermann yaɗuwa.

Duk da haka bai kamata mu yi wa Hermann dariya ba. Son a tuna da mutum ɗabi'a ce ta ɗan Adam, ko a inda ake binne sarki da talaka cikin likkafani iri ɗaya. Kuskuren shi ne zaton cewa dukiya na sayen ambato. Tagulla ta adana siffarsu da shaidar aurensu, amma ba ta iya gaya mana ko ya yi adalci ga mutanensa, kuma a kan wannan ake auna mai mulki.