Kaifi ko Gudu: Harsashin Dalma da Hukuncin Abin Farauta

Tun lokacin da maharba suka fara kashe namun daji da dalma, malaman fiƙihu suka sami kansu a gaban wata tambaya wadda magabata ba su bar nassi a kanta ba: shin abin da yake halatta naman dabbar da ta mutu kafin a kai ga yanka ta siffar makamin ce, ko kuwa aikin da makamin ya yi a jikinta? Tushen mas'alar yana cikin aya ta 3 ta Suratul Ma'ida, wadda ta haramta mauƙuza, wato dabbar da duka ya kashe, da kuma hadisin Adiyyu ɗan Hatim a kan mi'iradi, wani itace mai kaurin tsakiya da ake jifan dabba da shi, inda aka halatta abin da ya huda, aka kuma hana abin da ya buge da gefensa. A kan wannan ne jumhurin malamai suka hana cin abin da ƙwallon yumɓu ya kashe, domin murƙushewa yake yi, ba ya ratsa fata.

Da harsashin dalma ya zo, sai ya ƙi zama a ɗayan rukunan biyu, domin ba shi da kaifi kamar mashi, amma kuma yana ratsa jiki fiye da mashin. Ibn Abidin, babban malamin Hanafiyya na Dimashƙa wanda ya rasu a 1836, ya hana, yana mai kafa hujja da cewa raunin da dalma take yi daga ƙuna ne da nauyi, tun da ba ta da baki mai yanka. Malikawa da yawa sun bi wata hanyar. Dardiri, wanda ya rasu a 1786, wanda kuma har yau ake karanta sharhinsa a kan Mukhtasar a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato, ya kawo halaccin bisa dalilin cewa dalma ta fi sauran makamai ƙarfi, sannan Dasuƙi ya ambaci malaman Fas irin su Ibn Gazi da Abdulƙadir al-Fasi cikin waɗanda suka halatta, saboda tana zubar da jini kuma tana gaggauta mutuwa, wanda shi ne abin da ake nufi da yanka tun asali.

Wata sana'a da ta bunƙasa nesa da waɗannan makarantu ta tara ilimin da ya shafi wannan saɓani kai tsaye, ko da yake masu ita ba su san da shi ba. A Amurka doka ta bar mutum ya haɗa harsashinsa a gida don amfanin kansa, kuma akwai waɗanda suke narka dalma su zuba a mazubi su fitar da ƙwayar harsashin da hannunsu. Matsalarsu ta faro ne bayan 1884, lokacin da Paul Vieille na Faransa ya samar da albarushi marar hayaƙi, wanda ƙarfin turawarsa ya zarce na baƙin albarushi nesa. Dalma ƙarfe ce mai laushi, tana narkewa a digiri 327, kuma ko an gauraya ta da kuza da antimoni don ta yi tauri, idan gudunta ya haura kimanin mita 450 a sakan ɗaya sai iskar albarushi ta riƙa kurɗawa ta gefen gindinta, ta ɓantare ta, ta shafe cikin bututun bindiga da ita, daga nan kuma saiti ya lalace. Masana'antu sun magance wannan ta hanyar lulluɓe harsashin baki ɗaya da rigar tagulla. Mai zubi a gida ba shi da injin yin haka, don haka a farkon ƙarni na 20 kamfanin Ideal na John Barlow ya fito da wani ɗan ƙoƙon tagulla marar zurfi, wanda ake kafawa a gindin harsashin da aka ɗan rage wa faɗi tun daga mazubi, a matse shi yayin da ake daidaita kaurin harsashin. Wannan ƙoƙon tare iska yana toshe hanyar kurɗawar, yana kuma ba dalma damar kaiwa gudun mita 600 ko fiye a sakan ɗaya ba tare da ta ɓata bututun ba.

Abu na farko da wannan ya nuna shi ne cewa hujjar ƙuna ba ta tsaya ba. Harsashi yana zama cikin bututu kimanin kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na sakan, lokacin da bai isa zafi ya ratsa jikinsa ba, kuma masu zubi sun daɗe da gano cewa yawancin dalmar da take maƙalewa a bututu tana faruwa ne idan harsashin ya yi wa bututun kaɗan, shi ya sa suke barinsa ya ɗara ramin da kimanin kashi ɗaya cikin dubu na inci. Idan har wutar albarushi da kanta ba ta narka harsashin ba, to, babu yadda harsashin zai huda ƙirjin barewa da zafi. Ba laifin Ibn Abidin ba ne, domin ya yi hukunci da abin da ya bayyana ga mutanen zamaninsa, waɗanda suke ganin wuta da hayaƙi suna fita tare da dalma; amma hukuncin da aka gina a kan siffanta abu yana raunana idan siffantawar ta zama ba daidai ba.

Abu na biyu ya fi zurfi. Elmer Keith, wanda ya tsara sanannen harsashinsa na farauta a ƙarshen shekarun 1920, ya ba shi baki shafaffe mai faɗi, kuma maharban da suka biyo bayansa sun tabbatar da cewa irin wannan bakin ya fi mai tsini buɗe rauni da zubar da jini, domin mai tsini yana iya ture nama gefe ya wuce, shi kuwa shafaffe yanke shi yake yi. Keith kansa bai ga amfanin ƙoƙon tagulla a harsashin ƙaramar bindiga ba, sai daga baya Ray Thompson ya haɗa shafaffen baki da ƙoƙon, don masu neman ƙarin gudu. Ke nan siffar da ta fi kowace nisa daga kaifi ita ce ta fi cika manufar da aka nemi kaifi dominta. Wanda ya rataya hukunci a kan siffa zai hana harsashin da ya fi saurin kashewa, ya kuma halatta kibiya mai tsini wadda dabba take iya gudu da ita tsawon yini, wannan kuwa ya saɓa wa umarnin kyautata kisa da yake cikin hadisin Shaddadu ɗan Aus.

Duk da haka, masu riƙo da siffa suna da wata gaskiya da bai kamata a yi watsi da ita ba. Kaifi abu ne da maharbi yake iya dubawa kafin ya fita daji, amma hudawa sai bayan harbi ake saninta, kuma shari'a takan fi son alamar da kowa zai iya tantancewa tun da wuri. Saboda haka wanda ya ɗauki fatawar Malikawa ya ɗauki nauyin da take tafe da shi, domin illar halaccin, wato dalilin da aka rataya shi a kai, ita ce hudawa, kuma idan illa ta kau hukunci yana kauwa tare da ita. Dalmar da ƙarfinta ya ƙare saboda nisa, ta bugi tsuntsu ta karya shi ba tare da ta ratsa fata ba, ta koma matsayin ƙwallon yumɓu, ko da daga bindiga ta fito. Wannan ya shafi mai bindigar toka a dajin Arewa kamar yadda ya shafi mai zubi a Amurka.

A nan ne aikin da yake kama da sha'awa kawai yake shiga cikin sharaɗin halacci. Ƙoƙon da ya zauna a karkace, ko wanda ya saki a iska, yana kautar da harsashi daga saiti, sai ya sauka a cinya ko a ciki maimakon ƙirji. Dalmar da antimoni ya yi mata yawa kuma tana iya tarwatsewa a kan ƙashi ba ta ratsa ba. Mai zubin da yake auna kowace ƙwaya a ma'auni, yake mayar da mai aibi cikin tukunya, yake kuma gwada saura a kan allon saiti kafin ya nufi dabba, yana yin abin da mahauci yake yi sa'ad da yake wasa wuƙa, wato yana mayar da sakamakon da ba a gani ba tukuna abin da ake iya tabbatarwa tun kafin aiki. Sauran sharuɗɗan suna nan yadda suke a littattafan Malikiyya: niyya da ambaton sunan Allah lokacin harbi, kasancewar dabbar ta daji ce wadda ba a iya kamawa sai da wahala, da kuma wajabcin yanka ta idan an riske ta da rai alhali harsashin bai ratsa makasarta ba.