Wasa da Alhaki: Idan Aka Miƙa wa Mai Kallo Linzamin Labari

Gabatarwa

Wayar salula ta mai da aikin da a da sai babban kamfani ke iya yi ya zama abin da ɗan makarantar sakandare zai iya jarrabawa a gindin bishiya. Daga cikin irin waɗannan ayyuka akwai zane mai motsi, wato majigin yara. Matashi zai kalli wani shiri na Japan ko na Amurka har son sa ya kama shi, sai ya ari jaruman shirin, ya sake zana su, ya sa musu muryar Hausa, ya ƙago musu sabon labari kashi-kashi, duk don ƙaunar abin kawai. Daga baya wata dabara ta biyo baya, ita ce cusa wasa cikin labarin. Ana tsayar da shirin a wata mararraba, a ce wa mai kallo ya zaɓa: jarumi ya bi dama ko ya bi hagu, ya yafe ko ya rama. In ya dace a ba shi maki, in ya kuskure a mai da shi baya ya sake.

A ido, wannan ƙaramar magana ce ta nishaɗi. Amma malamin adabi a Dakoro, da ƙungiyar al'adun da ke tara yara lokacin hutu, suna da dalilin tsayawa su dube ta da kyau, domin tsohuwar tambaya ce ta dawo cikin sabuwar riga. Idan aka raba labari tsakanin mai ba da shi da mai sauraren sa, alhakin abin da labarin ya koyar yana wuyan wa? Sa'annan zaɓin da ake iya gogewa a sake, wane irin hali yake ginawa a zuciyar yaro?

Inda abin ya samo asali

Nijar ba baƙuwa ba ce a fagen zane mai motsi. Marigayi Moustapha Alassane (1942-2015) ya fara ne da fitila da kwali, yana nuna wa mutane inuwar dabbobin da ya yanka da hannunsa, tun kafin ya haɗu da Jean Rouch a Yamai, tun kafin kuma ya je Kanada ya ƙaro sani wurin Norman McLaren. A 1966 ya fito da Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, kuma masu kallo ba su buƙaci a gaya musu waɗanda ake yi wa zambo ba. A 1977 ya yi Samba le grand da ƴan tsana, sa'annan a Kokoa ya sa dabbobi suna kokowa a fage. Matashin da ke zane a salula a yau jikansa ne a sana'a, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Sai dai Alassane shi ke riƙe da labarinsa tun daga fari har ƙarshe, kuma shi ke amsa abin da labarin ya faɗa.

Ita kuwa dabarar miƙa zaɓi ga mai karatu ko mai kallo daga waje ta zo da wannan siga. Waɗanda suka yi karatun Faransanci sun san jerin littattafan nan da kamfanin Gallimard ya riƙa bugawa tun shekarun 1980 da sunan Un livre dont vous êtes le héros, inda ake ce wa yaro in yana so ya buɗe ƙofa ya tsallaka zuwa sakin layi kaza, in kuwa gudu zai yi ya koma na kaza. A 2007 jami'ar MIT ta Amurka ta fito da Scratch kyauta, manhajar da yaro ke iya haɗa zane da wasa a cikinta ba tare da dogon ilimin kwamfuta ba. Kamfanin Netflix ya jarraba abin da zane mai motsi a 2017 cikin Puss in Book, ya sake jarrabawa da Bandersnatch a ƙarshen 2018, sa'annan ya janye mafi yawan irin waɗannan shirye-shirye a ƙarshen 2024, ya kwashe ragowar a 2025. Kamfani kasuwa yake bi, ya ɗauka ya ajiye yadda ta kaɗa. Kayan aikin kuwa sun riga sun shiga hannun matasa, kuma ba za su fita ba.

Batun aro ba sai an daɗe a kansa ba. Abubakar Imam ya aro daga labarun Larabawa da na Turawa da na Indiya ya gina Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, amma ya rina su har suka zama na gida. Wanda ya ari jarumin wani kamfani yana da doka a gabansa ranar da ya nemi kuɗi da shi, ga shi kuma zanen aro ba ya rufe katara. Gizo da Ƙoƙi da Botorami kuwa ba su da mai gadi.

Wa ke riƙe da linzami?

A baje kolin duniya na birnin Montreal a 1967, Radúz Činčera na ƙasar Cekoslobakiya ya nuna wani fim mai suna Kinoautomat. Kowace kujera tana da maɓalli biyu, ja da kore. Sau da yawa ana tsayar da fim, mai gabatarwa ya fito gaban jama'a ya tambaye su abin da suke so jarumin ya yi, a bi ra'ayin mafi rinjaye. Asirin abin shi ne na'urorin majigi biyu ne kawai ke tafiya tare, ana rufe idon ɗaya a buɗe na ɗaya, hanyoyin kuma suna sake haɗewa bayan kowace mararraba. Duk abin da jama'a suka zaɓa, gidan da ke cikin labarin sai ya ƙone a ƙarshe. Mai fim ɗin da gangan ya yi, yana zolayar ƙuri'ar da ba ta sauya kome.

Wannan misali ya nuna abin da ke ɓoye cikin kowane labari mai rassa. Mai kallo yana jin shi ne gwani, alhali kuwa cikin gonar da wani ya shinge yake yawo. Malaman tauhidi sun daɗe da rarrabe motsin hannun mai karkarwa da motsin hannun da aka miƙa da niyya, suka ce a kan na biyu hisabi ya rataya. Danna maɓalli motsi ne na niyya, don haka mai dannawa yana da nasa kason. Amma wanda ya zana hanyoyin, ya hana wata hanya ta uku samuwa, ya kuma yanke wace hanya ke da lada, shi ke da kaso mafi nauyi. Maki hukunci ne da ba a furta ba. In ramuwa tana ba da maki goma, haƙuri kuwa yana kashe wasan, to mai zanen ya yi wa yaro huɗuba cikakkiya ba tare da ya buɗe baki ba, kuma ba zai kuɓuta da cewa ai mai kallo ne ya zaɓa ba.

Zaɓin da ake gogewa

A ɗauka wasu matasan Dakoro sun zana shiri a kan abin da suka fi sani. Gundumarsu tana inda noma da kiwo ke gogayya, kusa da Kwarin Tarka, wurin da dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa. A cikin shirin, garken shanu ya kauce daga burtali ya shiga gonar gero da dare, mai gona ya iske ɓarna da asuba. Nan aka tsaya aka ba mai kallo maɓalli: ya ɗauki makami, ko ya kai ƙara wurin mai gari. Yaro zai danna makami da farko, domin yana so ya ga abin da zai faru. Jini ya zuba a allo, sai rubutu ya fito yana tambaya ko zai sake. Ya koma baya, ya danna mai gari, ya samu makinsa, ya wuce.

Jihar Maraɗi ta san wannan mararraba a zahiri. A 1991, a garin Toda, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari, kuma babu wanda aka tambaya washegari ko zai sake. Dokar karkara ta 1993 da kwamitocin kula da filaye da suka biyo bayanta duk ƙoƙari ne na sa mutum ya tsaya ya yi tunani kafin hannunsa ya motsa, domin magana zarar bunu ce, aiki kuwa ya fi ta wuyar dawowa. Abin tsoro ga wasan da ke goge kuskure shi ne ya saba wa yaro da ganin mummunan zaɓi a matsayin ƙofar da ake leƙawa a fito lafiya.

Akwai masu ganin akasin haka, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Suna cewa amfanin wasa ke nan tun asali: wuri ne da ake kuskure ba a mutu ba. Yarinya tana koyon raino da ƴar tsana, yaro yana koyon juriya a langa, masu tashe suna kwaikwayon sarki da alƙali da malami ba tare da an ɗaure kowa ba. Gara yaro ya ga ƙarshen ramuwa a allo da ya gan shi a bakin rijiya. Wannan gaskiya ce. Sai dai wasannin gargajiya suna da wata ƙa'ida da ya kamata a lura da ita. A dara, ɗan da aka ci ya ciwu, ba a mai da shi rami. Wanda aka cinye yana iya neman a sake sabon zubi, amma cin da aka yi masa yana nan, kuma ƴan kallo sun shaida. Sake wasa daban, goge wasa daban. Na farko yana koyar da cewa bayan faɗuwa akwai tashi, na biyu kuwa yana koyar da cewa faɗuwar ma ba ta auku ba.

Abin da dandalin tatsuniya ya riga ya sani

Bahaushe bai taɓa sanin labarin da ake saurare baki rufe ba. Mai tatsuniya ba ta farawa sai an amsa mata, in ta kai wurin waƙa yara ne ke amshi, in ta kauce wa yadda aka san labarin za a tsayar da ita a gyara. A kacici-kacici kuwa akwai ci da biya: wanda ya kasa amsa sai ya ba da gari, in garin bai gamshi mai tambaya ba ya ƙi karɓa. Ashe shigar mai saurare cikin labari tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Abin lura shi ne inda aka buɗe masa ƙofa da inda aka rufe. Yara suna amshi, suna gyara, suna dariya, amma ba su da ikon hana kwaɗayin Gizo kai shi ga kunya.

Akwai kuma wani nau'in labari da ya fi kowane kusa da abin da matasan ke nema, wato labarin da ke ƙarewa da tambaya. Samari uku sun ceci budurwa guda: ɗaya ya hango halin da take ciki, ɗaya ya kai su wurinta cikin ƙiftawar ido, ɗaya ya ba ta magani. Wa ya cancanci aurenta? Mai labari ya yi shiru, dandali ya kaure da gardama. William Bascom ya tara irin waɗannan labarai daga sassan Afirka cikin littafi guda a 1975. A nan ma ana zaɓi, amma ba a asirce ba. Wanda ya ce mai magani ne ya cancanta dole ya kawo dalili a gaban tsaransa, a mai da masa martani, gobe kuma a tuna masa abin da ya faɗa. Masu karanta Sartre a aji za su tuna ɗalibin nan da ya zo masa lokacin yaƙin duniya na biyu yana tsakanin zama da mahaifiyarsa da tafiya yaƙin ƴanto Faransa, malamin kuwa ya ƙi zaɓar masa. Nauyin irin wannan zaɓi yana zuwa ne daga cewa hanyoyin biyu duka suna da haƙƙi a kan mutum, kuma wadda ya bari ba za ta dawo ba.

Kammalawa

Babu dalilin hana matasa cusa wasa cikin zanensu, kuma hanin ma ba zai yi aiki ba. Abin da malamai da ƙungiyoyin al'adu za su iya shi ne su zauna da masu zanen tun lokacin rubuta labari, kafin a kai ga allo. A tambaye su dalilin da ya sa wannan hanya ke da maki waccan ba ta da shi. A nuna musu cewa mararrabar da ta sa alheri tsantsa a dama da sharri tsantsa a hagu jarrabawa ce kawai da amsarta ke fili, kuma wadda ta fi koyarwa ita ce mai haƙƙi biyu, kamar makiyayin da dabbobinsa ke mutuwa da ƙishirwa da manomin da abincin shekararsa ke tsaye a gona. A shawarce su su bar sakamako ya bi mai zaɓi zuwa kashi na gaba, yadda wanda ya zubar da jini a kashi na biyu zai iske an rufe masa rijiya a kashi na biyar. A kuma fitar da kallon daga salular mutum guda zuwa aji ko dandalin unguwa, a tsayar da shirin a mararraba, kowa ya faɗi zaɓinsa da dalilinsa kafin a danna kome.

Wanda ya zana rassa goma ya ɗauki alhakin labari goma, kuma ya kamata ya iya kare kowane ɗaya daga cikinsu a gaban iyayen yaran da za su kalla, kamar yadda tsohuwar da ke tatsuniya a tsakar gida take yin ta inda kowa ke ji.